Kujerar da Ban Matsar Ba

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gobe za mu tashi, kuma ni zan tuƙa. Har yanzu abin bai zauna min ba.

Baba ya yi shekara talatin da takwas yana jan mota, manya da ƙanana, bai taɓa goge wa kowa fenti ba. A tasha Ba-Gaggawa suke ce masa. Sai ga shi ran Laraba waccan, a ƙofar gidansa, get ɗin da ya kafa da hannunsa ya cire wa motarsa madubin hagu. Ya fito ya ɗaure madubin da roba, ya shiga ciki ya ajiye makulli kusa da jakata. Washegari muka je asibiti, suka tura mu babban asibiti can nesa, za a yi masa aikin ido ran 13 ga wata. Akwai sunan da likita ya kira abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Tafiyar kwana ɗaya da rabi ce. Baba ya ce kwana biyar za mu yi, don akwai wuraren da ya wuce sau ɗari yana kallon kwalta kawai, yanzu yana so ya tsaya ya duba. Yaya ya bugo waya daga wajen aikinsa yana ta faɗa, wai a hau jirgi ko a ɗauki direba. Baba ya ce shi ba a tuƙa shi da haya. Mama ta ce to a bar zancen, ta ci gaba da ninke kaya. 'Yata, wadda Baba ya raɗa wa Rediyo don ba ta yin shiru sai barci ya cire mata batir, tun yau ta sa takalmin tafiya.

Litinin, 3 ga wata, bakwai saura kwata na safe

Sun shiga ɗauko flas, bari in rubuta da sauri.

Baba ya zaga motar da guntun ƙarfensa kamar kullum. Yana buga kowace taya sau biyu, ya karkata kai ya saurara. Ya ce ta baya ta dama tana son iska kaɗan. Na sa awo na gwada, haka ne kuwa.

Da na shiga, kujerar direba tana inda ya bar ta, can baya, daidai da dogayen ƙafafunsa. Ƙarfen matsar da ita yana ƙarƙashi. Na taɓa shi, na kasa ja. Tun da aka sayi motar nan ba wanda ya matsar da kujerar, ko bakanike sai dai ya miƙe ƙafa. In na matsar kamar na ce shi kenan, ya gama. Sai na koma ɗaki na ɗauko matashi na cusa a bayana. Da ɗan yatsan ƙafa nake kaiwa kuloci, amma ina kaiwa.

Litinin, shida na yamma, masauki

Muna ƙanana, in ya ɗauke mu tafiya, wanda ya zauna gaba aikinsa ɗaya ne. Baba zai ce, me kake gani, kai kuma ka yi ta zayyana masa shanu da gonaki da masu keke, don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ni da Yaya har dambe muke yi a kan wannan kujerar.

Yau shi ne a kujerar. Muna fita gari ya ce, “Malama, me kike gani?” Da muryar da ya saba. Na fara zayyana masa. Rediyo ta karɓe zancen daga baya, ta ba shi labarin kowane allon talla har da lambar waya.

Mun tsaya a doguwar gada. Kafin mu hau ta ya ce in rage gudu, akwai ƙarfe a bakinta da ke cin taya, kuma akwai shi. Mun sauka mun tako har tsakiya. Ruwan ya cika makil, kwale-kwale biyu a ƙasa, tsuntsaye farare a kan yashi. Ya daɗe riƙe da ƙarfen gada yana fuskantar ruwa. Ya ce, ashe haka take da faɗi. Ban tambaye shi nawa ya gani a ciki ba.

Talata, 4 ga wata, takwas na safe

Bayana kamar an yi min duka. Matashin yana zamewa.

Laraba, 5 ga wata, biyar da rabi na yamma

Yau mun je inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Matakala tamanin da ɗaya ne zuwa ƙasa, Rediyo ta ƙirga da ƙarfi yadda kowa a wajen sai da ya sani.

Mama nake so in rubuta. Ni da na ga matakalar nan, bakina har ya buɗe zan ce Baba ya jira a sama. Kafin in yi wannan wautar ta dafa gwiwa ta ce, “Oga, riƙe ni, ƙafar nan ta tashi.” Ya miƙa mata hannu da sauri, yana yi mata tsiya wai ta tsufa ta bar shi. Suka sauka tare. Duk wanda ya gan su zai ce dattijo ne ke taimakon matarsa. Ni da nake bayansu na ga ita ce ke rigan shi taka kowace matakala da rabin taku, tana matsa masa hannu in an zo kwana. Ƙafar Mama lafiyarta ƙalau. Jiya na ga ta bi Rediyo da gudu.

A ƙasa feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf. Baba ya cire hula ya ba ruwan fuska yana dariya, haƙoransa duk a waje. Ya ce shekara nawa yana jin ƙarar nan daga titi, yana zaton injin wata masana'anta ce. Rabon da in ji dariyarsa haka na manta.

Alhamis, 6 ga wata, ɗaya na rana

Na faɗa rami. Ba ƙarami ba, har flas ya kife. Baba ya ce ai tun daga kwanar baya ya kamata in koma dama, ramin nan ya girmi Rediyo. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce to ni ba a kwalta aka haife ni ba. Motar ta yi tsit. Ko Rediyo ta mutu.

Alhamis, huɗu na yamma

Mun tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar wajen kallo. Baba da Rediyo suka hau wani tsohon kan jirgi, yana sa hannunta a kan kowane ƙarfe yana faɗa mata aikinsa. Shi da bai taɓa tuƙa jirgi ba. Mai gadin wajen ya tsaya yana saurare, har ya ce a ina Oga ya yi aiki.

Mama ta ja ni inuwa. Na zaci faɗa za ta yi min. Sai ta ce tun watanni biyar da suka wuce ta lura yana ƙirga taku daga ɗaki zuwa banɗaki. Tun daga ranar ba ta sake kau da ko kujera ɗaya a gidan ba. Shi bai faɗa mata ba, ita ba ta tambaye shi ba, kowa ya san kowa ya sani. Na ce me ya sa ba ku gaya min ba. Ta ce, “Ke da bakinki? Da kin kai shi asibiti a ɗaure.” Gaskiyarta, da na kai shi. Kuma watakila da ba mu makara haka ba. Wannan ban faɗa mata ba, ina jin ita ma tana faɗa wa kanta.

Da muka koma mota na ba Baba haƙuri. Ya ce wane rami.

Juma'a, 7 ga wata, bakwai na yamma

Mun shigo birni. An sake hanyoyin duka, gada a kan gada. Baba ya ce in na ga gidan mai mai jan rufi in yi hagu. Babu gidan mai, wani dogon bene ne mai gilasai. Na yi hagu ban faɗa masa ba. Hanyar kuwa ta kai mu.

Yaya ya kira sau huɗu. Na ɗaga ɗaya.

Asabar, 8 ga wata, biyar na yamma

Rediyo ce ta ga allon jiya, gidan namun dawa na cikin gini, ta hana mu sakat. Ni raina ba ya so, Baba ya ce a je.

Ban taɓa ganin irin wajen ba. Daga waje gini ne kamar kanti, kana shiga sai iska mai ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Itatuwa na gaske a ƙarƙashin rufi, tsuntsaye suna yawo a kan mutane. Akwai kada a bayan gilas, kwance kamar gungume, Mama ta rantse na roba ne har sai da ya lumshe ido ta yi baya. Mesa ta naɗe reshe, jikinta kamar an yi mata zane da allura. Kunkuru wanda Rediyo za ta iya zama a bayansa, yana cin ganye ba ruwansa da kowa. Baba ya ce wannan ɗan'uwansa ne, shi ma Ba-Gaggawa. Hawainiya kuwa mun yi minti goma muna nema, ashe tana gaban hancinmu. Duk inda muka tsaya sai ya ce me kike gani, ni kuma in zage kamar ina gaban aji. Ya kan matsa har goshinsa ya kusa taɓa gilas, ya juya kai ta gefen dama, ya ce lalle, lalle.

A ƙarshe akwai ɗakin dabbobin dare. An rufe ƙofarsa da baƙin labule mai kauri, ciki duhu ne sai wasu jajayen fitilu ƙanana. Muna shiga na daina ganin ko tafin hannuna. Mama ta yi karo da wani abu, Rediyo ta ƙanƙame min ƙafa za ta yi kuka. Sai na ji muryar Baba a gaba, a natse, yana cewa kowa ya riƙe rigar na gabansa, akwai ƙarfe a hannun dama, ƙasa tana ɗan gangara, taku shida sai kwana. Muka bi shi a jere. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har wasu baƙi biyu da ba mu sani ba suka laƙe a bayan Mama.

Muka tsaya a gaban wani keji, gilas a ƙasa, raga a sama. Rediyo ta karanta allon mai haske, beguwa. Baba ya ce, me kike gani.

Ban ga komai ba. Baƙi ƙirin. Amma ban so in ce masa babu, na gaji da jin babu a makon nan. Sai na ce ga ta can dama a cikin kogon itace, tana barci, ta dunƙule, ƙayoyinta fari da baƙi. Har na ƙara da cewa tana da ɗan hanci mai kyau.

Ya karkata kai ya saurara. Sannan ya ce, “Malama, ba ta dama. Tana hagu, kusa da bango, tana gurgurar wani abu mai tauri. Kuma su biyu ne, ƙaramar tana bayanta. Ki ji ƙarar ƙayar.”

Na saurara. Can ƙasa-ƙasa, kamar ana girgiza busassun tsinke. Da idona ya saba da duhu sai ga su, a hagu, kusa da bango, su biyu, babbar riƙe da guntun rogo tana ci. Ma'aikaciyar wajen, wata mai koren riga da ke tsaye a lungu, ta ce wata uku tana aiki a nan, ba baƙon da ya taɓa sanin akwai ta biyu.

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya lalubo kafaɗata ya ce a hankali, yadda Mama ba za ta ji ba, “In ba ki gani ba, ki ce ba ki gani ba. Direba ba ya son ɗan gaba mai daɗin baki.”

Na yi kuka a duhun nan, na gode Allah da babu fitila. Wane irin mutum ne wannan. Mu muka zo rakiyarsa, shi ya fitar da mu.

Litinin, 10 ga wata, uku na rana

Gwaji tun safe. Ɗigon magani a ido, jira, na'ura, jira. Likitar mace ce, ƙarama da ita, ba ta ɓoye-ɓoye. Ta yi magana a kan idon hagu a taƙaice, ta daɗe a kan na dama. Baba ya tambaye ta abu ɗaya kawai, ta ce a bari sai bayan aiki.

Talata, 11 ga wata, tara na safe

Ya sauka ya buga tayoyi, alhali ba inda za mu je.

Laraba, 12 ga wata, shida na yamma

An kwantar da shi. Takardar sa hannu ni na karanta masa, duka, har layin da na so in tsallake. Na kai wajen na ɗan tsaya, ya ce ci gaba. Na ci gaba. Ya sa hannu a daidai inda na ɗora masa yatsa.

Ya sa Rediyo ta matso da fuskarta dab da tasa, ya daɗe yana dubanta. Ya ce yana duba ko akwai wajen rage murya ne. Mama ta tashi ta fita wai za ta nemo ruwan zafi, flas kuwa a cike yake.

Alhamis, 13 ga wata, takwas da kwata

Sun shiga da shi.

Alhamis, sha ɗaya

Shiru.

Alhamis, ɗaya da rabi

Ya fito. Fuska rabi a naɗe. Abin da ya fara tambaya, wai a inuwa na ajiye motar ko a rana.

Juma'a, 14 ga wata, goma na safe

An buɗe. Ya ce haske, da wani abu kamar hazo. Likita ta ce haka ake farawa, a ba shi mako guda. Mako guda.

Lahadi, 16 ga wata, huɗu na yamma

Mun dawo masauki. Ɗigo sau shida a rana, Mama ta riƙe lokacin fiye da agogo. An hana shi sunkuyo, an hana shi ɗaga abu, an hana shi fita rana. Shi da bai iya zama ba. Yana kwance yana koya wa Rediyo gane motoci da kunne ta taga, wannan dizal ce, wannan bel ɗinta ya saki, wannan direbanta ba shi da tarbiyya. Ta fara cinka daidai, abin har tsoro yake ba ni.

Ni ke zuwa kantin magani da kasuwa. Matashin ya lotse, na ƙara masa tawul.

Talata, 18 ga wata

Na yi wa Yaya ihu a waya ba laifin komai. Ya bar ni na gama. Daga baya ya ce, sannu, ƙanwata. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Alhamis, 20 ga wata, biyu na rana

Mun ga likita. Na hagu ya tafi, dama mun sani. Na dama an tare shi inda yake. Zai ga fuska in ta matso, zai ga ƙofa, zai ga hanya a gabansa in da rana ne, zai zuba wa kansa shayi. Ya sake yi mata tambayar nan tasa. Ta dube shi ta ce a'a, Baba, ban da tuƙi.

Na jira in ga ya karye. Ya gyara hula, ya ce mata ya gode, Allah ya yi wa hannunta albarka, kuma tayar motarta ta gaba, in ita ce farar da ke fita da safe, a duba ta. Likita ta yi dariya har da riƙe baki. Ni na kasa.

A hanyar dawowa bai ce me kike gani ba. Ko sau ɗaya.

Juma'a, 21 ga wata, biyar na yamma

Shi ya ce a koma wajen beguwa kafin mu bar gari. Mai koren riga ta gane shi, ta ɗan ƙara hasken jar fitila saboda shi, ta ce kada mu faɗa wa kowa. Ya manna goshi a gilas ya daɗe. Ya ce ya ga wani abu kamar tsintsiya tana tafiya. Sannan ya ce, hancin kam ba laifi, Malama ba ta yi ƙarya duka ba.

Gobe sai gida.

Asabar, 22 ga wata, sha biyu na rana, gidan mai

Suna cin abinci, ni na ce zan zauna a mota.

Da safe ya zaga da ƙarfensa, taya huɗu, sau biyu-biyu. Na buɗe ƙofa zan shiga, ina gyara matashi, sai ya ce in dakata. Ya zagayo ɓangaren direba. Na zaci makulli zai ce in ba shi, kuma ban san da wane baki zan hana shi ba. Mama ma ta tsaya cak da jaka a hannu.

Ya lalubi matashin ya zare shi, da tawul ɗin, ya miƙa wa Mama. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, kansa a miƙe yadda likita ta ce, ya zura hannu ƙarƙashin kujera. Ƙarfen ya ƙi, shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Ya sake ja. Kujerar ta yi ƙara ta taho gaba, ɗaya, biyu, uku. Ya ce in zauna in taka kuloci har ƙasa. Na taka. Ya ƙara ɗaya.

Ya ce, “Kwana goma sha tara kina cin zalin giyar nan, ina jin kukanta ina haƙuri. Na san don ni kika yi. Ya isa haka.”

Na ce Baba, kujerarka ce.

“Kujerar mai tuƙi ce,” ya ce. “In mun isa gida ki kai a sa sabon madubi, ki saita shi daidai idonki.”

Ya miƙo min guntun ƙarfen buga taya, ya ce a ƙarƙashin kujera yake kwana. Ya zaga ya shiga ɗaya ɓangaren da kansa, ya ja bel, ya gyara zama. Na kunna mota, amma gaba ɗaya gilas ya dagule min. Ya ce a share fuska tukuna, ba a tashi da jiƙaƙƙen gilas. Rediyo ta miƙo min gefen mayafin kakarta.

Muna hawa babban titi ya ce, “To, Direba, me kike gani?”

Tun ina 'yar shekara ashirin da biyu, da na fara koyarwa, Malama yake ce min. Na ce ina ganin hanya, Baba, da wata tirela a gaba, sauran ban gani ba tukuna. Ya ce madalla, a bar mata tazara.

Na sa giya ta uku, ta shiga ba ƙara.